Kwalin da Na Kai Damagaram

Tun ranar da na dawo daga Damagaram ban huta da tambaya ba. In na fito daga masallaci a tare ni, in na zauna wurin mai shayinmu na Gwale a tare ni, har waɗanda ba su san na tafi ba sai ka ji sun ce, "Malam Munzali, yaya Nijar? Ina ka baro Tijjani?" Na gaji da maimaita labari ɗaya, kuma na lura duk lokacin da na ba da shi sai na ɗan tsallake wurin da bai yi mini daɗi ba. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi sau ɗaya, ba ragi, duk wanda ya sake tambaya in miƙa masa ya karanta da kansa.

Ga wanda bai san ni ba, ni malamin makaranta ne, a takarda dai. Shekara biyu ke nan da na gama kwalejin ilimi, na fito da NCE a fannin Turanci. A shekara biyun nan babu inda ban kai ambulan ɗina mai ruwan ƙasa ba. Mai hoton takardu na bakin titinmu ya fi ni sanin takarduna, da ya hango ni sai ya ce, "Saiti nawa yau?" Sau biyu ina zama jarrabawar ɗaukar malamai a wurin da ko masakar tsinke babu, sau biyun kuma sunana bai fito ba. Abin da na samu shi ne wata 'yar makarantar kuɗi a lungunmu. Na karɓi 'yan aji uku, da suka wuce aji huɗu na wuce da su, ana ba ni abin da mai makarantar da bakinsa yake kira kuɗin sabulu.

Baba ya zuba mini ido har shekara biyun ta cika, sannan ya kira ni zaure. Yayana Sabo yana da rumfar robobi a kasuwar Ƙofar Wambai, bokitai da baho da butoci, ya kama ta biyu kuma ba shi da mai zauna masa. Baba ya ce, "Ban hana ka malanta ba. Amma in watan nan ya ƙare ba ka kawo mini takardar aikin da zai riƙe ka ba, ka karɓi mukulli a hannun yayanka." Na ce to. A gidanmu in Baba ya rufe magana irin wannan ba a sake buɗe ta.

Saura kwana goma sha biyu wata ya ƙare Tijjani ya zo mini da labari. Tijjani ɗan Ƙofar Ɗan Agundi ne, ajinmu ɗaya a kwaleji, kuma shi ma ambulan yake yawo da ita. Yana da kawu a Damagaram, Kawu Mamman, tela ne, shi ya aiko masa da saƙon murya cewa wata makarantar kuɗi a can tana neman malaman Turanci biyu daga Nijeriya, da albashi mai kyau da ɗakin kwana. Su a can sai an yi girbi suke komawa makaranta, saboda haka yanzu ake ɗauka.

A nan ya kamata in faɗi wani abu game da ni da Tijjani. Lokacin da aka tura mu koyon aiki a makarantu, abin da muke kira TP, ni A na samu, shi kuwa da ƙyar ya tsira da C. Yana da 'yar i'ina, kuma bai taɓa gama darasin da ya tsara kafin a kaɗa ƙararrawa ba. Ni kuwa mintina talatin da biyar cif, kowane mataki a wurinsa. Sannan ina da kwali. Babban farin kwali ne da na zana yaro a tsaye a jikinsa, da kibiyoyi goma sha biyu suna nuna kai da ido da kunne da sauransu, kowanne da sunansa na Turanci da jan alƙalami. Malamin da ya zo duba mu sai da ya ɗaga shi sama ya nuna wa sauran 'yan TP. Tun daga ranar nake ajiye shi a bayan sif. Da za mu tafi, shi na fara naɗewa na ɗaure da zare kafin ma in nemi takalmi.

Mun hau mota a tashar Ƙofar Ruwa da hantsi, irin tsohuwar motar nan mai cin mutum tara da ake zuba mata goma sha ɗaya. Direba ya so ya cusa kwalina a but, ƙarƙashin katan-katan ɗin taliya, na ce Allah ya kiyaye. Na tsayar da shi tsakanin gwiwoyina. A gefena wata dattijuwa ce 'yar kasuwa da kowa a motar yake kira Hajiya, da alama duk sati tana kan wannan hanya. Mun wuce Kazaure ta kasa haƙuri.

"Ɗan nan, mene ne wannan kake riƙo kamar jariri?"

Na ɗan warware mata gefe. Ta ga mutum da kibiyoyi a jikinsa, sai ta gyara zama.

"Ashe mai magani ne. Kana da na ciwon gwiwa?"

Na ce mata ni malamin makaranta ne, wannan kayan koyarwa ne. Ta ce ai ta gane, duk masu maganin kasuwa da irin wannan hoton suke yawo, in ba na son fitar da kaya a mota ne in bari sai mun sauka. Tijjani ya sunkuyar da kai yana ta rawar kafaɗa. Har muka tsaya cin abinci a Daura mai magani take kirana, ta ma saya mini ƙosai.

A bakin iyaka, a Kwangwalam, kowa sauka yake yi ya taka da ƙafa. Ɓangarenmu ba a daɗe ba. A ɗaya ɓangaren wani jandarma ne zaune a inuwa, ya tattara katinan shaidarmu gaba ɗaya yana kiran suna ɗaya bayan ɗaya, kamar malami da rajista. Kawu Mamman ya riga ya gargaɗe mu game da katin rigakafi, saboda haka ba mu da matsala ta nan. Da aka zo kaina ya nuna kwalin ya ce in buɗe. Kafin in yi magana Hajiya ta ba da amsa daga baya, don ta taimake ni.

"Mai magani ne, yaron kirki. Tare muke."

Nan take jandarma ya ce in kawo takardar izinin sayar da magani, ya sa na zazzage jakata a kan tebur. Babu ko ƙwaya ɗaya, sai kaya kala biyu da ambulan. Ya zaro takardar shaidata ya juya ta, ya dubi kwalin, sai fuskarsa ta sake.

"A'a, mushe ne," in ji shi.

Haka suke kiran malamin boko a can, kuma kun san abin da kalmar take nufi a Kano, saboda haka ba sai na faɗa muku halin da Tijjani ya shiga ba. Jandarman ya ɗora yatsa a kan wata kibiya ya ce wannan fa, na faɗa masa, ya maimaita sau biyu yana jin daɗi. Sannan ya miƙo mini katina da hannu biyu ya ce Allah ya ba da sa'a. A shekara biyu, wannan ne karo na farko da wani mai kaki ko mai ofis ya ga takardata ya girmama ni saboda ita. Na ji daɗi ƙwarai. Hajiya kuwa ta ce in dai haka ne in biya ta ƙosanta.

Daga nan zuwa Damagaram babu wani abin ba da labari. Gonakin gero ne irin namu, mutanen ma namu ne, sai dai allunan bakin hanya da ba ka iya karantawa, da igiyar da ake gittawa a titi a mashigar gari. Mun isa da la'asar. Acaɓa, wanda su suke kira kabu-kabu, yana nan birjik, shi muka hau zuwa gidan Kawu Mamman, ina riƙe da kwali a tsaye kamar mai ɗauke da tuta.

Kawu yana zaune ne a tsohon gari, wanda suke kira Birni. Lungunansa da zaurukansa ba su da maraba da namu, har ka ɗauka za ka ɓulla Gwale in ka sha kwana. Ya sauke mu a shagonsa na ƙofar gida, tsakanin kekunan ɗinki biyu, aka shimfiɗa mana katifa ɗaya. Aka kawo dambu da zogale, wanda suke kira kwabto, ya sha mai da albasa. Ban taɓa cin dambu mai daɗinsa ba, kuma na faɗi haka a gidanmu na sha harara. Burodinsu dogo ne kamar sanda, ɓawonsa yana kankare dasashi, sai ka tsoma a ruwan zafi ya yi biyayya.

Kafin magariba Kawu ya fito da mu majalisarsu ta ƙofar gida, su fada suke ce mata. Ana dafa shayi a 'yar ƙaramar buta, ana zubawa a kofunan da ba su wuce babban yatsa ba. Na karɓi nawa na kurɓe lokaci ɗaya, ɗaci ya kusa fitar mini da hawaye, na yi godiya na miƙe. Kawu ya kamo rigata ya zaunar da ni. Ashe zagaye uku ne, kuma ba a tashi sai an sha na uku. Mu a Kano ka sha shayinka a kofin da ya kai bokiti ka kama gabanka. Su kuwa ba shayin ne abin nema ba, zaman ne.

Tsakanin kofi na biyu da na uku Kawu ya faɗa mana, kamar wanda yake ba da labarin ruwan sama, cewa an riga an ɗauki wani mutumin Gana tun shekaranjiya. Saura gurbi ɗaya. Sai Tijjani ya ce, "To ai shi ke nan, kai ne." Na ce, "Haba dai, ai rabo ne." Amma a raina na yarda da shi ɗari bisa ɗari, har na fara tunanin yadda zan lallashe shi a hanyar raka shi tasha.

Washegari da ƙarfe bakwai da rabi muna makarantar, lakwal a bakinsu. Shugabar wata mace ce 'yar Maraɗi, Madam Zainabu, gajeriya, da tabarau rataye da igiya a wuyanta. Kawu ya ce ta fi shekara talatin tana riƙe alli kafin ta yi ritaya a ɗauko ta nan. Na miƙa mata ambulan, na tabbatar takardar da ke nuna sakamakon TP ita ce a sama. Ta duba kamar minti ɗaya ta turo mini abina.

"Takarda ta yi kyau, Mushe. Aji za mu gani."

Ta ce kowannenmu zai yi darasi ɗaya, ni a aji ɗaya, Tijjani a na kusa da shi, yara 'yan shekara tara zuwa goma da ba su taɓa yin Turanci ba. Ni zan fara. Da muka shiga, yara arba'in suka miƙe tsaye lokaci ɗaya, hannuwa a harɗe a ƙirji. Na lura kowane yaro yana da ɗan ƙaramin baƙin allo a gabansa, da guntun alli da tsumma. Na ce a raina, Allah sarki, makarantar kuɗi ce amma ko littafin rubutu ba su wadata da shi ba. Madam ta wuce bencin baya ta zauna, Tijjani ya zauna kusa da ita.

Na rubuta kwanan wata da sunan darasi a allo, na ja layi a ƙasa da rula. Na warware kwalina na manna. Yara suka ɗan yi ƙus-ƙus suna kallon zanen, sai na ƙwanƙwasa tebur da bayan yatsu don su yi shiru, yadda kowane malami yake yi a Kano. Sai na ga duk ajin sun ɗauki alli sun duƙa a kan allunansu, sun tsaya cak suna jira. Ban gane ba, na sake ƙwanƙwasawa. Alluna arba'in suka tashi sama lokaci ɗaya, babu komai a jikinsu, suna fuskantata. Na yi dariya don in kashe kunya, na yi musu alama su sauke. Na saci kallon Madam, ba ta ko motsa ba.

Daga nan na shiga darasi, kuma ba yabon kai ba, na yi shi yadda ya ba ni A. Na taɓa kaina na ce, "This is my head," suka amsa da ƙarfi. Ido, kunne, hanci, baki, har ƙafa, kowanne sau uku, layin dama su faɗa, layin hagu su faɗa, mata su faɗa, maza su faɗa. Ajin ya ɗauki amo har na ga malamin makwabta ya leƙo. Na koya musu su ce "Yes sir," sannan na tambaya, "Do you understand?" Suka amsa har taga tana rawa. Na ce ko akwai tambaya, babu. Na sa suka tafa wa kansu. Na duba agogo, minti talatin da biyar ba ɗaya.

Madam ta taso a hankali ta zo gaba. Ta ce in ba ta izini, na ce bismilla. Ta ɓare kwalina ta juya fuskarsa ga bango. Ta yi wa yaran magana da Faransanci, sannan ta juyo ta faɗa mini da Hausa abin da ta ce musu: zan faɗi kalma ɗaya daga cikin waɗanda na koyar, kowa ya zana abin a allonsa. Ta ce in zaɓa da kaina, kuma kada in taɓa jikina. Na zaɓi mai sauƙi, na ce, "Ear." Ta buga tebur sau ɗaya, suka duƙa. Ta ɗan jira, ta buga na biyu, alluna suka tashi.

A nan na gane amfanin allon da na raina. Babu mai ɓuya a bayan muryar wani. Na ga hanci, na ga hannu mai yatsu shida, na ga ido da yawa, na ga alluna kusan goma fayau. Na bi layi-layi ina neman kunne, na samu huɗu. Ta ce in sake wata. Na ce, "Leg." Aka samu shida, kuma biyu daga ciki na ga lokacin da suka leƙa na makwabci. Ta sa suka goge, ta naɗe mini kwalina da kanta ta miƙo mini, ta ce mu je ajin Mushe Tijjani.

Na zauna a bencin baya, kamar yadda ya zauna a nawa ajin ɗazu. Tijjani ba shi da kwali, ba shi da komai sai gumi. Ya manta bai rubuta kwanan wata ba, abin da a TP maki biyu ne. Ya taɓa kunnensa ya faɗi sunan, i'inar ta riƙe shi, yara suka yi dariya, shi ma ya yi. Ya koya musu kunne da hanci kawai, sannan ya buga tebur yadda ya ga Madam ta yi. Alluna suka tashi, rabi ba daidai ba. Maimakon ya wuce, sai ya bar gaban aji ya shiga tsakanin bencina, yana tsayawa a kan duk wanda ya kuskure yana kama kunnen kansa yana maimaita masa. Ya sake bugawa. Ya sake komawa. Aka kaɗa ƙararrawa yana kan kalma ta uku, bai yi bitar ƙarshe ba, bai sa an tafa ba. Madam ta yi musu irin gwajin da ta yi wa nawa. Ban ƙirga ba, don ba sai an ƙirga ba. Kusan duk allon da na kalla kunne ne.

A ofis ba ta ja magana ba. Ta ce Mushe Tijjani zai fara ranar Litinin. Sannan ta cire tabarau ta dube ni, ba da wulaƙanci ba.

"Mushe Munzali, Turancinka ya hi nashi. Darasinka kuma ya yi kyau, ni na gane duka. Amma ba ni aka kawo lakwal ba."

Gaskiya ta faɗa. Duk tsawon minti talatin da biyar ɗin nan bencin baya nake yi wa darasi. Haka aka horar da mu, ko in ce haka na ɗauki horon: akwai mai riƙe da takardar maki a baya, shi ake gamsarwa, yara kuwa aikinsu su amsa da ƙarfi. Na ji kunya, na kuma ji haushi, kuma a lokacin haushin ya fi yawa.

Da rana garin yake rufewa gaba ɗaya, makarantu da shaguna, kowa ya koma gida sai rana ta yi sanyi. Muka koma shagon Kawu muka zauna tsakanin kekunan ɗinki, ga abinci an ajiye babu mai taɓawa. Tijjani ya san maganar Baba da mukulli. Ya daɗe yana murza hularsa kafin ya yi magana.

"In ka ce in bari, wallahi sai in bari. Ni babu wanda ya sa mini wa'adi."

Ba zan ɓoye ba, na ɗan juya tayin a raina fiye da yadda ya kamata. Sannan na ce masa ya daina wannan zance, ko ya bari ba ni za ta ɗauka ba, kuma shi ya ci abinsa. Na jawo kwanon na ce ya sa hannu. Da safe shi ya raka ni tasha, yana riƙe mini kwali har na shiga mota.

A iyaka na tarar da jandarman nan a inuwarsa. Ya gane ni tun kafin ya kira sunana.

"Mushe, har ka koma?"

Na ce na koma. Ya ce ina ɗan'uwan, na ce ya samu aiki. Ya ce madalla, ya miƙo mini katina da hannu biyu kamar wancan karon. Wannan karon ban ji daɗin ba.

Na iso Kano saura kwana biyar wata ya ƙare. A hanya na yi ta gaya wa kaina cewa yaran can ba su taɓa jin Turanci ba ne, kuma darasi ɗaya ba ya nuna malami. Nawa yaran na aji huɗu fiye da shekara ina tare da su, kuma wannan darasin na sassan jiki sun yi shi da wannan kwalin ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. In ka tsaya a bakin lungu za ka ji su suna rera shi. Na ce bari in gwada, don in huce.

Ba mu da ƙananan alluna, saboda haka ranar Litinin na sa reza na yanka kwalin gida talatin da shida, daidai yawansu. Bayansa fari ne tas. Na raba musu, na ce kowa ya fito da fensir, na yi musu bayanin bugun tebur da Hausa. Suka ɗauka wasa ne, suna ta murna. Na ce, "Ear." Na buga, na jira, na sake bugawa.

Bakwai ne suka zana kunne. Monita, wanda muryarsa take fin ta kowa in ana amsawa, ƙafa ya zana. Na gwada kalma ta biyu da ta uku, lissafin bai sauya sosai ba. Akwai wata yarinya Ummi da take zama a ƙarshen aji, wadda na rubuta wa iyayenta a katin sakamako cewa ba ta mai da hankali saboda ba na jin muryarta. Sau uku tana ɗaga nata daidai. Na tsaya ina kallon guntayen kwalin a sama, hannuwa sun fara gajiya, suna jira in ce su tafa wa kansu. Daga ƙarshe na ce su sauke.

Ranar da wata ya cika na sami Baba a zaure bayan la'asar. Na ba shi labarin duka, har da abin da na tsallake wa mutanen wurin mai shayi. Ya saurara bai katse ni ba. Da na zo kan bayanin allo da bugun tebur, ina ta kwatanta masa da hannu kamar wani sabon abu, sai ya dube ni.

"Mu da muka yi karatu a zauren nan, malam bai taɓa tambayarmu ko mun gane ba. Cewa yake kawo allonka. Sai da ka ƙetare iyaka ka gano wannan?"

Na ce haka ne, Baba.

Na so in roƙe shi ya ƙara mini zango ɗaya, ko don in gyara abin da na ɓata a ajin nan. Maganar ta zo har bakina. Amma alkawari takardar aiki ne, kuma ban kawo ba. Shi ma bai ba ni ƙofa ba. Ya sa hannu ƙarƙashin buzunsa ya ɗauko mukullin, ashe Yaya Sabo ya kawo tun da safe.

Tijjani yana nan lafiya, ga masu tambaya. Yana aiko mini da saƙo duk Juma'a, ya ce har yanzu bai taɓa gama darasi kafin ƙararrawa ba, kuma ya saba da shayi mai ɗaci. Ni kuma ina rumfa ta biyu a layin 'yan robobi, duk mai neman bokiti ko baho ya zo, zan yi masa sauƙi.

Ajina an ba wani yaro ɗan TP, mai ladabi da ƙoƙari. Ranar da na je miƙa masa rajista na kai masa guntayen kwalin a leda, na yi masa bayanin yadda ake yi. Ya karɓa da hannu biyu ya yi godiya. Ya ce zai gwada in sha Allahu, amma sai bayan mai duba su ya zo ya tafi, don yanzu yana kan zana nasa kwalin.

Hanyata ta zuwa kasuwa ta bayan tagar ajin take bi, kuma ƙarfe takwas da 'yan mintuna nake wucewa. Kullum sai na ji shi yana tambaya, "Do you understand?" Su kuma su amsa, "Yes sir," har lungu ya ɗauka. Ina iya rarrabe muryoyinsu ɗaya bayan ɗaya, ta monita a sama. Ta Ummi ce dai har yau ba na ji.